Lambobin hafsan Bayahude a teburin gwanjo: in saya ko in bari?

Bakano_a_Manchester:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san a cikinmu akwai 'ya'yan bariki da malamai da masu bin tarihi, shi ya sa na kawo wannan nan. Ranar Lahadi na leƙa wata kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a wani fili a bayan gari, irin wadda kowa ke buɗe bayan motarsa ya baje kolinsa. Teburin karatu na je nema wa 'yata. A gaban wani dattijon Bature sai na ga ɗan akwatin katako, an shimfiɗa jan ƙyalle a ciki. Lambobin yaƙi biyu ne a kwance, ɗaya ta azurfa, ɗaya mai ruwan zinariya, sai wani faifan tagulla mai nauyi wanda ya cika tafin hannuna. A jikinsa akwai wata mata riƙe da mashi mai baki uku, zaki na tsaye a gabanta, ga sunan mutum a cikin ɗan gida mai kusurwa huɗu. A ƙarƙashinsu akwai tsohon hoton kabari, kuma dutsen kabarin ba gicciye ne a kansa ba, tauraro ne mai tsini shida.

Mai kayan ya ce na wani ƙaramin laftana ne Bayahude da aka kashe a Faransa a 1916, bai fi shekara 22 ba. Ya ce ya samo akwatin ne da aka kwashe kayan wani gida bayan tsohuwar da ke ciki ta mutu ba magaji. Fam 450 ya yanke. Ban saya ba, amma tun ranar abin yake min yawo a rai. Tambayata biyu ce. Ya dace mutum ya sayi abin da aka ba iyaye a madadin ɗansu da ya mutu? Sannan in ma zan saya, ta yaya zan gane ba jabu ba ne?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ni dai tun daga "ta mutu ba magaji" jikina ya yi sanyi. Ka ga ƙila ƙanwarsa ce ko 'yar ɗan'uwansa, ta riƙe akwatin nan shekara da shekaru, ƙarshe ya ɓuge a bayan mota tare da tsofaffin tukwane.

Alhaji_Mai_Lamba:
Ɗan'uwa, ka zo gidan. Shekara goma sha ina tara irin waɗannan a Landan, bari in fara da ta biyun, ita ce aikina.

Faifan tagullar nan gwamnatin Birtaniya ce ta aika wa iyalan duk wanda ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An buga kimanin 1,355,000, an narka tagulla tan 450 a kansu, faɗin kowane santimita 12. Turawa suna ce masa kwabon mamaci, don ya yi kama da tsohon kwabonsu. Wani mutumin Liverpool, Edward Carter Preston, shi ya zana shi, in ka duba kusa da ƙafar zakin ta gaba za ka ga haruffan sunansa. Rubutun da ya zagaye bakinsa cewa yake "ya mutu saboda 'yanci da martaba". To ga inda matsalar take: da gangan ba a sa muƙami a jiki ba, ba lambar soja, ba sunan runduna. An ce a mutuwa janar da farabiti ɗaya ne. Manufar ta yi kyau, amma ta buɗe wa 'yan damfara ƙofa, domin in sunan irin na kowa da kowa ne, sai dillali ya ɗauko faifan wani farabiti ya haɗa da lambobin hafsa mai suna iri ɗaya, ya ninka kuɗi.

Lambobin kuma ka juya su ka dubi gefensu, nan aka buga suna da ƙananan haruffa. Na kurata suna ɗauke da lambar soja da muƙami da suna da runduna. Na hafsoshin sojan ƙasa muƙami da suna ne kawai. Ka tafi da gilashin ƙara girma. In an goge tsohon suna da magagari an sake wani, za ka ga gefen ya fi siranta a wurin, haruffan kuma ba su jeru daidai ba. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Bakano_a_Manchester:
Allah ya saka da alheri Alhaji. Wani abin da ya ɗaure min kai, a hotunan intanet ina ganin lambobin uku-uku ne, har da wata mai siffar tauraro. Nan biyu ne. Ko an cire ɗaya?

Alhaji_Mai_Lamba:
Ba lallai ba. Tauraron na waɗanda suka isa fagen daga ne kafin ƙarshen 1915. In yaron nan a 1916 ya sauka Faransa, biyun nan su ne cikakken rabonsa. Za ka iya tabbatarwa, domin akwai katin lambobi na kowane soja a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke unguwar Kew a Landan, an rubuta abin da ya cancanta, sau da yawa har da ranar da ya shiga fagen yaƙi. Na hafsoshi ma sai an nema ake bayarwa, saboda haka a bayan katin wani lokaci sai ka ga adireshin uban da ya rubuto yana neman lambobin ɗansa.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa ban gane ba. Da abin da ke faruwa da Falasɗinawa, Musulmi zai ɗauki fam 450 ya sayi kayan tunawa da sojan Bayahude? Kuɗin nan nawa ne a naira? Marayu nawa zai ciyar?

Tsohon_Malamin_Tarihi:
@Gaskiya_Ɗaci, zafin da kake ji kan Falasɗinu ba wanda zai ce maka ba shi da dalili, amma a sa kowane abu a muhallinsa. Yaron nan ya mutu a 1916. Sanarwar Balfour, wadda Birtaniya ta goyi bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, a Nuwamban 1917 ta fito, Isra'ila kuma a 1948 aka kafa ta. Ɗan Ingila ne da ya shiga sojan ƙasarsa kamar maƙwabcinsa Kirista, a rami ɗaya suka kwana. Ba a ɗora wa mamaci laifin abin da aka yi bayan shekara talatin da binne shi.

Kuma tunda an taɓo hafsan Bayahude da aka kashe a wannan yaƙi, bari in ba ku labarin wanda ya fi shahara, don akwai abin da zai ba ku mamaki a ciki. Sunansa Laftana Frank de Pass, haifaffen Landan a 1887, daga zuriyar Yahudawan da asalinsu Sifaniya da Fotugal ne. A rundunar Indiya yake, cikin mahaya dawakin da ake kira Poona Horse. Da aka kawo su Faransa a 1914 ba a sami wurin sukuwa ba, sai aka sauke su daga dawaki aka tura su ramukan yaƙi kusa da wani ƙauye, Festubert. Jamusawa sun haƙo wani siririn rami har dab da nasu, suna jefo musu gurneti daga bayan tarin buhunan yashi. Ranar 24 ga Nuwamba de Pass ya rarrafa cikin ramin nan da abin fashewa ya tarwatsa shingen. Mutum biyu da suka bi shi ciki sojojin Indiya ne, Fateh Khan da Firman Shah. Ku dubi sunayen da kyau. A ranar dai ya fita fili ana ruwan harsashi ya ɗauko wani sojan Indiya da aka harba yana kwance. Washegari, 25 ga wata, Jamusawa sun dawo ramin, ya koma don ya sake korarsu, wani maharbin ɓoye ya same shi. Shekararsa 27. An binne shi a maƙabartar garin Béthune, aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya, bayan mutuwarsa, shi ne Bayahude na farko da ya same ta.

Ɗan_Samanja:
Malam, to shi ne Ba'indiye na farko da ya samu ke nan?

Tsohon_Malamin_Tarihi:
A'a, shi Bature ne mai jagorantar Indiyawa. Ba'indiye na farko Musulmi ne, Khudadad Khan, mai harba bindiga mai jigida, a Hollebeke ta Beljiyam, ranar 31 ga Oktoban 1914. Duk abokan aikinsa aka kashe, shi ma aka bar shi a kan ya mutu, da dare ya ja jiki ya koma wurin 'yan'uwansa. Ya rayu har 1971 a Pakistan. Sai a 1911 ma aka yarda a riƙa ba sojojin Indiya wannan lamba. Ka ga tsakanin Musulmin farko na Indiya da Bayahuden farko ko wata guda ba a yi ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Na ji Malam, kuma na karɓi gyara kan shekarun. Amma maganar kuɗin tana nan.

Almajirin_Zaure:
Ni ba mai fatawa ba ne, abin da na karanta kawai zan faɗa. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah (SAW) sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce: ashe ba rai ba ne? Kuma masu sira sun kawo Mukhairiƙ, malamin Yahudawan Madina da ya fita ranar Uhudu ya yi yaƙi a ɓangaren Musulmi har aka kashe shi, bayan ya yi wasiyya a ba Annabi dukiyarsa. Saboda haka girmama ran mutum don Bayahude ne ba shi ne abin tambaya ba. Inda zan ce Yaya Bakano ya tambayi malaminsa shi ne surar da ke jikin faifan, mace da zaki, in niyyarsa ya rataye a falo ne. Ajiyewa a akwati don ilimi wani abu ne, kafawa a bango wani abu ne daban.

Ummu_Hanifa:
Ni tambayar farko ce har yanzu ba a amsa min ba. Kowa ya tafi kan jabu da na gaske. Ko da na gaske ne, ya halatta a mutunce? In lambar kakana ce na gan ta a teburin wani da farashi a manne, wallahi ba zan yi barci ba.

Alhaji_Mai_Lamba:
Hajiya, na fahimce ki, ni ma da haka na fara. Amma ki tambayi kanki, in mu ba mu saya ba ina za su? Lambar azurfar nan an buga wajen miliyan 6.5. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo a 1979 zuwa 1980, an narkar da su da yawa a kan nauyi, da sunan mutum da komai. Shi ya sa yau za ka ga mai ruwan zinariyar ita kaɗai tana yawo, 'yar'uwarta ta zama cokali. Faifan tagullar kuwa na ga wanda aka huda aka kafa a ƙofar lambu, na ga wanda aka goge har sunan ya shafe. Mai tarawa na kirki yakan zauna ya binciko mutumin, inda aka haife shi, makarantarsa, ranar da ya mutu, ya rubuta ya ajiye tare da lambar. Wani lokaci shi kaɗai ne ya rage a duniya da ya san an taɓa yin wannan mutum.

Ummu_Hanifa:
Ka ce "na kirki". Sauran fa?

Alhaji_Mai_Lamba:
Sauran 'yan kasuwa ne, ba zan ɓoye ba. Akwai abin da ni kaina yake damuna: a gidajen gwanjo lambar wanda aka kashe ta fi ta wanda ya dawo gida tsada, ta hafsa ta fi ta kurtu, ta wanda ya mutu ranar 1 ga Yulin 1916 a yaƙin Somme a Faransa, ranar da Birtaniya ta rasa mutum 19,240, ta fi ta wanda zazzaɓi ya kashe. Kuma akwai masu tara na sojojin Yahudawa zalla, to in dillali ya tabbatar da haka sai ya ƙara kuɗi. A sama can kuwa maganar miliyoyi ake. Wani attajirin Birtaniya, Lord Ashcroft, ya tara Victoria Cross sama da 200, ta likitan soja Noel Chavasse da ya samu sau biyu an ce wajen fam miliyan 1.5 ya biya a 2009. Alhali ita kanta lambar tagulla ce, wani kamfanin maƙera a Landan, Hancocks, yake yin ta tun 1856. Ta de Pass da Malam ya ba da labari dai ba ta kasuwa, tana gidan tarihin sojoji na ƙasa a unguwar Chelsea ta Landan, kowa zai iya zuwa.

Baƙuwar_Jamus:
Ina bin zancen nan shiru, amma bari in sa baki daga inda nake zaune, don a nan maganar lambar sojan Bayahude ba wasa ba ce. Yahudawan Jamus kimanin 100,000 ne suka yi wa ƙasar yaƙi a 1914 zuwa 1918, wajen 12,000 suka mutu. Wato yayin da de Pass ke wancan ramin, akwai Yahudawa a ramukan Jamusawa suna yaƙar ɓangarensa. Ana tsakiyar yaƙin, a 1916, ma'aikatar yaƙi ta sa aka ƙirga Yahudawan da ke cikin soja saboda tsegumin cewa suna zillewa fagen daga, kuma ba ta taɓa fitar da sakamakon ba. Bayan yaƙi tsofaffin sojojinsu suka kafa ƙungiya a 1919, a 1932 suka buga littafi mai sunayen matattunsu sama da 10,000, don su ce ga shaida. Shekara guda bayan nan Hitila ya hau.

Akwai wani hoto da ake nunawa a nan, na wani ɗan kasuwa a Kolon, Richard Stern. Ranar 1 ga Afrilun 1933 da 'yan Nazi suka hana sayayya a shagunan Yahudawa, ya fito ƙofar shagonsa da lambar gicciyen ƙarfe, ta jarumtar sojan Jamus, a ƙirji, ga ɗan bangar Nazi tsaye a gefensa. Lambar ba ta tsare shi ba, sai da ya bar ƙasar. A 1935 aka ba da umarnin kada sunan Bayahude ya fito a dutsen tunawa da matattun yaƙi. Kuma hafsan da ya ba da sunan Hitila aka ba shi gicciyen ƙarfe mai daraja ta ɗaya a 1918, Hugo Gutmann, Bayahude ne, shi ma gudu ya yi zuwa Amurka ya canza suna.

Saboda haka in na ga irin akwatin da Yaya Bakano ya gani, ba ado nake gani ba. Takardar shaida ce ta mutanen da aka sha ce musu ba ku yi komai ba.

Zongo_Kumasi:
Kai! Wannan na Gutmann ban taɓa ji ba.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Haka yake, kuma na Ingila ma sun yi irin wannan tanadin. A 1922 wani limaminsu da ya yi aiki da soja a Faransa, Michael Adler, ya fitar da kundin sunayen Yahudawan daular Birtaniya da suka yi yaƙin, wajen mutum 50,000, da hotunan da yawa daga cikinsu. Bakano, in yaron nan Bayahude ne da gaske, da wuya ka rasa sunansa a ciki. Biyar ne a cikinsu suka sami Victoria Cross: de Pass, Issy Smith, Leonard Keysor, Jack White da Robert Gee. Har gobe tsofaffin sojojinsu na yin fareti a Landan kowane Nuwamba.

Ɗan_Samanja:
To jama'a ku bar ni in yi kukana a nan. Kakana ya yi yaƙin Bama da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ya taka kwarin Kaladan da ƙafarsa. Muna yara a Kaduna yana da gwangwanin taba da yake ajiye lambobinsa huɗu, shi minda yake ce musu. Duk ranar tunawa da 'yan mazan jiya sai ya sa a kawo masa toka da lemun tsami ya goge su, ya maƙala a kan babbar riga, ba kaki ba. Da ya rasu aka raba gado, ba wanda ya kula da gwangwanin. Bayan shekaru na tambaya, aka ce yara sun yi wasa da su, ɗaya kuma an haɗa da tsofaffin ƙarafa an ba 'yan gwangwan. Tauraron Bama kaɗai na tsinta a ƙasan adakar kakata, ƙyallen ya ruɓe. Na juya shi gaba da baya, babu suna.

Alhaji_Mai_Lamba:
Allah ya jiƙan Baba. Rashin sunan ba laifin kowa ba ne a gidanku, lambobin Yaƙin Duniya na Biyu haka Birtaniya ta raba su ba suna, har ga Turawan kansu. Na yaƙin farko ne ake bugawa. Shi ya sa in tauraron Bama ya bar hannun iyali, shi ke nan, ya zama ƙarfe. Ka rubuta sunansa da lambarsa ta soja a takarda ka haɗa su wuri ɗaya tun yau. In akwai littafin sallamarsa daga soja, ya fi lambar kanta daraja.

Ɗan_Samanja:
Littafin yana nan wurin baffana. Abin haushi, kullum muna wucewa ta barikin Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, yaranmu ba su san sunayen wurare da rundunonin Bama ba ne.

Zongo_Kumasi:
Mu ma nan haka. Harsashin farko da sojan Birtaniya ya harba a yaƙin 1914 gaba ɗaya, mutuminmu ne ya harba shi a Togo, Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast. Tambayi matasan zongo goma ka ga ko ɗaya ya san shi.

Ɗan_Kwatarkwashi:
Ni kuma bari in jefa tsakuwa a tuwon nan. Kuna ta yabon Victoria Cross kamar lambar waliyyai. Kun san an ba wani ita a kan garinmu? A 1903, bayan Turawa sun ci Kano, Laftana Wallace Wright da 'yan sojojinsa suka haɗu da rundunar Kanawa a Kwatarkwashi, aka kashe Waziri Ahmadu da jama'a da dama, aka ba Wright wannan lambar dai da aka ba de Pass. Akwai kuma lambar da aka raba wa waɗanda suka yi yaƙin Kano da Sakkwato, da waɗanda suka murƙushe Satiru a 1906, an rubuta Arewacin Najeriya da shekarar a ɗan ƙarfen da ke saman ƙyallen. Alhaji, su ma kana tarawa?

Alhaji_Mai_Lamba:
Ina da guda ɗaya, ta 1903. Kuma sunan da ke gefenta ba na Bature ba ne, na wani farabiti ne mai sunan Hausawa. Ka ga inda abin ya cakuɗe. Ban saye ta don alfahari ba, na ga in na bari za ta tafi wurin wanda ko furta sunan ba zai iya ba.

Ɗan_Kwatarkwashi:
Ban ce ka yi laifi ba. Cewa nake lamba ba ta faɗin wa ke da gaskiya a yaƙi, wanda ya ba da ita kawai take faɗi.

Baƙuwar_Jamus:
Wannan gaskiya ne, gicciyen ƙarfen da Stern ya saka shi ne dai Hitila ya saka.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum, na makara. Mu namu kakannin Faransa ce ta kwashe su. Na taɓa zuwa Douaumont kusa da Verdun, fagen yaƙin farko a Faransa. A maƙabartar akwai sashe na kaburburan Musulmi 592 suna fuskantar alƙibla. A gefe guda akwai bangon tunawa da sojojin Yahudawa da aka buɗe a 1938, a ɗaya gefen akwai ƙubbar tunawa da sojojin Musulmi, ita sai a 2006 Shugaba Chirac ya buɗe ta. Ku lissafa tazarar da kanku. A jikin bangon Yahudawan na ga an jera ƙananan duwatsu, na tambaya aka ce al'adarsu ce, mai ziyara yakan ajiye tsakuwa maimakon fure.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Tazarar nan ta ɓangaren Ingila ta fi muni. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana tinƙaho da cewa dutsen kowa girmansa ɗaya, hafsa da kurtu, Kirista da gicciye, Bayahude da tauraro, iyali kuma su ƙara 'yan kalmomi a ƙasa. A Turai ta cika wannan alkawari. Amma a Afrilun 2021 rahoton da ita kanta ta sa a yi ya nuna aƙalla mutum 116,000, ƙila har 350,000, galibi 'yan Afirka da Masar da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunansu ko'ina ba ko ba a tuna da su sam. Sakataren tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Shi yaron da ke akwatin Bakano ya sami dutse da suna da faifai da hoto. 'Yan dakon da suka mutu a Kamaru da Gabashin Afirka da yawansu ko ramin ba a san inda yake ba.

Gaskiya_Ɗaci:
To kun dawo kan maganata ta wata hanya. In akwai fam 450, a nemo na kakanninmu mana.

Ummu_Hanifa:
Ba gasa ba ce ai. Ni shawarata, in zai saya ya saya da niyyar mayarwa. Manchester cike take da Yahudawa, suna da gidan tarihinsu a garin. Ƙila akwai jikokin 'yan'uwansa da ba su san akwatin ya fita ba, ko wurin ibadar da sunansa ke jikin bango.

Alhaji_Mai_Lamba:
Hajiya, niyya mai kyau ce, sai dai ya shirya wa abu biyu. Gidajen tarihi ba komai suke karɓa ba, wanda suka karɓa ma sau da yawa ɗakin ajiya yake tafiya. Dangi kuma na taɓa wahalar wata shida na nemo jikan wani soja, na ba shi lambobin kakansa a kuɗin da na saya, bayan 'yan watanni na gan su a shafin gwanjo. Tun daga nan ba na rantsuwa a kan dangi.

Ummu_Hanifa:
Wannan shi da Allahnsa. Kai dai ka sauke naka.

Mai_Kula_da_Zaure:
Tunatarwa: kada kowa ya saka cikakken sunan mamacin ko hoton katinsa a nan, tunda ƙila yana da dangi a raye. Na goge saƙo ɗaya da ya zagi wani addini, mai shi ya san kansa.

Bakano_a_Manchester:
Na dawo da labari, ku yi haƙuri da shiruna. Na bi shawarar Alhaji da Malam. Na sa sunan a shafin hukumar kaburbura, ya fito, ƙaramin laftana, 1916, maƙabartar ma ta dace da hoton. Mutum ɗaya ne tak mai wannan suna a cikin matattun yaƙin, saboda haka faifan nasa ne. Jiya na koma kasuwar da gilashina a aljihu. Na tarar dattijon ya sayar da lambobin biyu ga wani tun da sassafe, wai mai sayen ya ce faifan ya yi masa nauyi da tsada. Saura faifan da hoton kabarin a akwati. Ya ce in kawo fam 150.

Alhaji_Mai_Lamba:
Inna lillahi. Abin da muka fi tsana ke nan a harkar, a raba kayan mutum ɗaya. Shekara ɗari suna tare. Ka roƙe shi ko ya karɓi lambar wayar wanda ya saya, akwai shafukan da masu tarawa ke cigiyar irin wannan don a sake haɗa su.

Gaskiya_Ɗaci:
To yanzu ka saya ko ba ka saya ba?

Bakano_a_Manchester:
Na ba shi fam 20 kafin alƙalami ya ajiye min zuwa Lahadi mai zuwa, ya kuma ce mai sayen yakan zo kasuwar duk mako. Uwargida ta ce in dai ya shigo gidan to ba a falo ba. Teburin karatun ma har yau ban samo ba.

Ɗan_Samanja:
Alhaji, na kira baffana, ya ce littafin sallamar yana nan amma gara ta ci gefe ɗaya, lambar sojan ta fita rabi. In na turo maka hotonsa ta akwatin sirri za ka iya duba min ko sauran lambobin za su karantu?

Alhaji_Mai_Lamba:
Turo. Ka ɗauka da rana a inuwa, kada ka kunna fitilar waya, kuma ka ce wa Baffa kada ya manna masa salatif.